Mai Kwado da Ƙofofi Biyu na Tashar Wuta

Shekara ashirin da bakwai Mai Kwado ya yi a tashar wutar da ke bayan gari, kuma a cikinsu ba a taɓa sauko da gawa ko mai rauni daga kan falwaya a ranar aikinsa ba. Abin alfaharinsa ke nan, ba shi da wani. Ba shi da mota, gidansa ɗaki uku ne da ɗan tsakar gida, kekensa ya girmi wasu daga cikin abokan aikinsa. Amma idan ya shigo cikin ma'aikatan wuta, har waɗanda suka fi shi albashi kan gyara zama.

Tashar ba abin kallo ba ce. Fili ne da aka zagaye da waya, aka zuba masa tsakuwa don kada ciyawa ta samu wurin fitowa. A tsakiya taransifoma biyu manya suna ƙugi ba hutu. Daga nesa manyan wayoyi suke shigowa a kan dogayen ƙarafa, ɗauke da wutar da ta fi ƙarfin kowane gida. Taransifoman su rage mata ƙarfi, sannan a raba ta layi shida zuwa cikin gari. Kowane layi yana da akwatinsa na ƙarfe a ɗakin makunnai, tsayin mutum, da ƙofa, da hannu, da ɗan allon tagulla da aka sassaƙa sunan layin a kai. Ka ja hannu ƙasa, unguwanni su rasa wuta. Ka mayar, firji dubu su farka lokaci guda. Mutanen gari ba su san da wurin ba sai ranar da aka ɗauke, ran nan ma zagi ne kaɗai yake isowa.

Babban aikinsa shi ne tsare ran masu hawa falwaya. Idan za su yi gyara, shugabansu ya zo tasha ya faɗi layin. Mai Kwado ya kashe, ya haɗa layin da ƙasa don ragowar wuta ta tsiyaye, ya rataya wani jan kwado a hannun akwatin, ya jefa makullin a aljihun gaba, sannan ya sa hannu a takardar izini. Ba ya buɗewa sai takardar ta dawo hannunsa, ya ga mutanen da suka fita da idonsa. An taɓa yin wani babba a hedikwata da ya bugo waya yana tada jijiyar wuya, wai a mayar da wuta yanzu-yanzu yana da baƙi. Mai Kwado ya amsa masa cikin ladabi cewa makullin ya faɗa magudanar ruwa, ana nan ana laluben sa. Aka yi ta lalube har masu hawa suka dawo. Daga ranar sunan ya bi shi.

Masu hawa sun yarda da shi fiye da yadda ya kamata a yarda da ɗan Adam. Sukan ce idan Mai Kwado ya ce layi ya mutu, shimfiɗa tabarma a kai ka yi barci. Doka ta ce kafin a taɓa waya sai an ɗora mata sandar gwaji, wadda take yin ƙara idan akwai wuta. Suna da sandar. Batirinta ya mutu tun wata shekara, ba wanda ya nemi sabo, ta koma abin kakkaɓe gidan rina a jikin falwaya. Sabo turken wawa. Mai Kwado ya san haka, kuma maimakon ya yi musu faɗa, abin daɗi yake yi masa a ƙasan zuciya.

A cikin masu hawan akwai surukinsa, mijin Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Ƙadangare suke ce masa, don kafin a gama jingina tsani ya kai sama. Da ya zo neman auren, Mai Kwado ya so ya hana, don ya san irin aikin. Amma Auta ta kafe, mutumin kuma ba shi da abin kushewa sai yawan dariya. Yanzu shekararsu huɗu, da 'yarsu ɗaya mai koyon magana. A tasha Ƙadangare yakan rusuna ya gaishe shi yana kallon tsakuwa, sauran su yi ta zolayarsa wai a gaban suruki ne kaɗai ake ganin ƙeyarsa. Duk ranar da sunansa yake cikin takardar izini, Mai Kwado yakan koma ya ja kwadon sau biyu.

Sai dai akwai abu ɗaya a ɗakin makunnan nan da ba daidai ba, kuma ya fi kowa saninsa, don da hannunsa aka yi shi. Akwatin da allonsa ya ce layin kasuwa, asibiti yake kashewa. Wanda ya ce layin asibiti, kasuwa yake kashewa.

Shekara goma sha tara da suka wuce, da damina, akwatin asibiti ya ƙone wata safiya. Ana tsakiyar tiyata, janareton asibitin kuwa a lokacin sai da addu'a yake tashi. Tsohon Oga, shugaban tashar na wancan zamani, bai jira izinin kowa ba. Shi da Mai Kwado suka kwance kebul ɗin kasuwa daga akwatinsa suka ɗaura na asibiti a gurbin. Bayan kwana uku kayan gyara suka iso, Tsohon Oga ya ce ba zai sake yanke wa marasa lafiya wuta saboda suna kawai ba, aka ɗaura kasuwa a akwatin da aka gyara. Ya ce zai rubuta wa hedikwata a sauya allunan. To amma rubutawa tana nufin amsa tambayar wa ya ba ku izini, sai yau ta zama gobe, har Allah ya yi masa rasuwa takardar ba ta fita ba.

Mai Kwado ya rubuta gaskiyar da alli a jikin ƙofofin biyu, yana sabunta ta idan ta dusashe. Shekara uku da suka wuce aka ce manya za su kawo ziyara, aka turo masu fenti suka shafe komai, har da allin. Manyan ba su zo ba. Shi kuma bai sake rubutawa ba. Su uku ne suke karɓa-karɓar aiki a tashar, shi da Dogo da shugabansu, dukkansu sun san zancen kamar sunayen 'ya'yansu. Masu hawa ba su taɓa sani ba, su dai sunan unguwa suke faɗa a kashe musu. A faɗi gaskiya kuma, ya fara jin daɗin cewa tashar tana cikin kansa, ba a jikin bango ba.

Da shugaban ya yi ritaya, kowa ya ɗauka kujerar ta Mai Kwado ce. Matarsa har ta goge masa rigar da zai sa. Sai ga wani mutum an turo daga wata tasha, ɗan shekara arba'in, da takardun makaranta da biro uku a aljihu. Ba mugun mutum ba ne, a yi masa adalci. Matsalarsa ita ce ba ya iya ganin abu a karkace ya yi shiru. Ranar farko ya gano tukunyar kashe gobara ta wuce wa'adinta, littafin aiki da fensir ake cika shi, butar shayin Mai Kwado kuma a kan akwatin batir take zama. Duk ya faɗa, kuma a gaban masu hawa ya faɗa, har da Ƙadangare, wanda ya rasa inda zai sa idonsa. Kafin azahar an raɗa masa Malam Ƙa'ida.

Da yamma, da wurin ya rage su biyu, Malam Ƙa'ida ya rufe littafin ya dube shi.

"Baba, kai ne ka daɗe a nan. Akwai abin da ya kamata in sani wanda ba ya cikin takarda?"

Mai Kwado yana tsaye, ƙofofin biyu suna bayansa taku huɗu. Maganar ta zo har bakinsa. Sai ya tuna butar shayin, da idon surukinsa a ƙasa.

"Ai komai yana rubuce, yallaɓai," ya ce.

Bai yi niyyar cutar kowa ba, haka ya gaya wa kansa, kuma har yau haka yake gaya wa kansa. Ya yi lissafinsa tsaf. Wuta ba ta isar gari, don haka ake yanke wa layuka bi da bi, kuma ran Alhamis da rana ne rabon kasuwa. Ran nan Malam Ƙa'ida ne a bakin aiki. Zai bi allo ya kashe asibiti, asibiti yanzu yana da janareto mai lafiya, babban likita zai bugo ya wanke shi tas, shi kuma ya zo da biro uku ɗinsa ya tambayi wanda ya sani. Minti goma ne na kunya, a wuce wurin. Ya duba littafi ya tabbatar babu gyaran da aka tsara a kan layukan biyu a makon. Da Dogo ya tambaye shi ko an gaya wa sabon mutumin zancen ƙofofi, ya ce a bar masa, shi zai gaya masa. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Shi a ganinsa nasa ko idon sawu bai kai ba.

Talata ranar hutunsa ce, kuma ta zo daidai da ranar da ake duba matarsa, mai fama da ciwon suga. Tun bakwai suka kama layi a asibiti. Suna zaune a kan benci a doguwar baranda, tana yi masa mitar takalmin da ya saya mata wai ya matse ta, wata fanka tana juyawa a kansu da ƙyar. Goma ta wuce da kaɗan fankar ta fara sanyi, ta tsaya. Masu jira suka yi tsaki gaba ɗaya. Can bayan gini janareto ya yi tari ya tashi.

Mai Kwado ya yi murmushi. Wannan murmushin ne ya fi komai cin ransa daga baya. Ya ce a ransa, ga shi nan, mai takarda ya taka. Sai da murmushin ya gama buɗewa sannan ya tuna yau Talata ce, ba Alhamis ba. Ba a yanke wa kowa wuta da safiyar Talata. Idan aka ja hannun akwati a wannan lokaci, dalili ɗaya ne: wani zai hau. An zo an ce a kashe kasuwa, an bi allo, an rataya kwado a inda ba wuta za ta fito ba, an sa hannu a takarda. Kasuwa tana nan da wutarta.

Ya miƙe har katin matarsa ya faɗi. Tana tambayarsa lafiya, bai ji ta ba. Ya kira tasha, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka, don doka ta hana shiga ɗakin makunnai da waya, kuma Malam Ƙa'ida ba ya taka doka. Ya kira shugaban masu hawa, a kashe. Ya kira Ƙadangare, ta yi ta ƙara har ta katse. Shi da bakinsa ya koya masa cewa mai hawa yana barin wayarsa a mota.

Ya fita da gudu irin na mai shekara hamsin da takwas, ya tare mai babur, ya ce kasuwa, ya ce ya taka ko nawa ne. A hanya mai babur ɗin yake ba shi labari, ba tare da an tambaye shi ba, cewa wata babbar mota ta goge falwayar ƙofar kasuwa da safe, ta karkata, wayoyin sun yi ƙasa-ƙasa, 'yan wuta ma sun iso. Suka shiga titin kasuwa. Shagon aski ƙwan lantarkinsa a kunne, injin askin yana zuzu. Mai sayar da ruwan sanyi firjinsa yana aiki. Injin niƙa yana ta ruri a kwana. A rayuwarsa bai taɓa ganin wuta ya ji tsoronta kamar ran nan ba. Yana ta dukan kafaɗar mai babur yana salati.

Saura su sha kwana ɗaya su iso, injin niƙan ya yi shiru. Ƙwan shagon da ke gabansu ya mutu. Titi gaba ɗaya ya ɗauke. Mai babur ya ce to, sun kashe ke nan. Mai Kwado ya san ba wanda ya kashe. Layi yakan katse kansa idan wuta ta sami hanyar zuwa ƙasa, kuma ya san ta inda ta bi.

Bel ɗin da ya ɗaure ƙugunsa ne ya hana Ƙadangare faɗowa. Sai da aka hau aka sauko da shi. Yana numfashi. Aka kai shi asibitin da matar Mai Kwado take zaune har lokacin a kan benci da katinta, aka shiga da shi ta gabanta ba ta gane ko wane ne ba. Likitoci sun yi kwana tara suna neman ceto hannayen. Na dama aka yanke daga gwiwa, na hagu daga wuyan hannu.

Abin da ya fi zama azaba ga Mai Kwado a kwanakin nan shi ne yabo. Duk wanda ya zo dubiya sai ya kama hannunsa ya ce da kai ne a bakin aiki da haka ba ta faru ba. Matarsa ta faɗa, maƙwabta suka faɗa. Auta ta faɗa tana kuka a kafaɗarsa, ta ce tsautsayi ne ya sa ranar hutunsa ce. Da Malam Ƙa'ida ya zo dubiya, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya, Auta ta ƙi amsa gaisuwarsa. Mutumin bai kare kansa ba. Ya dai tsaya a bakin ƙofa ya dubi Mai Kwado na ɗan lokaci, ya juya ya tafi.

Kwamitin bincike bai sha wahala ba. Suka bi kebul daga akwati zuwa falwayar farko, a yini ɗaya suka gano allunan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka zaunar da shi a wani ofis mai sanyi, mutum huɗu a bayan tebur, Malam Ƙa'ida a gefe. Aka tambaye shi ko ya san da sauyin, ya ce ya sani. Tun yaushe, ya ce tun ranar da aka yi. Aka tambaye shi ko gaskiya ne sabon shugaban ya tambaye shi abin da ba ya cikin takarda. Yana iya cewa ya manta, su biyu ne a ɗakin ran nan. Ya ce gaskiya ne. Mai rubutu ya ɗaga kai ya tambayi dalili, Mai Kwado ya buɗe baki ya ga dalilin bai fi butar shayi ba, sai ya rufe.

Aka sallame shi. Shugaban masu hawa aka rage masa muƙami saboda sandar gwaji. Malam Ƙa'ida aka wanke shi, amma shi da kansa ya nemi a mayar da shi inda ya fito. Dogo ya daina gaishe shi. A gida Mai Kwado ya ce ya ajiye aiki ne don ya kula da mara lafiya, aka yi ta sa masa albarka. Waɗanda suka san gaskiya suka kama bakinsu a gaban mai jinya, wasu don tausayi, wasu don ba su san ta inda za su fara ba.

Kulawar kuwa ya yi ta. Auta tela ce, dole ta zauna kan keken ɗinki idan gidan zai ci abinci. Don haka kullum da safe Mai Kwado yakan tuƙa kekensa zuwa gidansu. Kunyar surukuta ta faɗi a makon farko, ba wanda ya tsaya ɗaukar ta. Shi yake yi masa wanka, ya sa masa riga, ya ɓalla maɓallai, ya ba shi abinci a baki, ya sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Ƙadangare bai daina barkwanci gaba ɗaya ba. Yakan ce shi kaɗai ne a garin nan surukinsa yake goge masa baki, a gaya wa abokansa su zo su ga gata. Wani lokaci kuma yakan yini yana kallon 'yarsa tana miƙo masa abin wasa tana jira ya karɓa.

A mako na bakwai aka kawo wa Ƙadangare kwafin rahoton kwamiti, don doka ta ce a bai wa wanda abin ya shafa. Da hantsi ne. Auta tana ɗaya ɗakin, ƙarar kekenta tana shigowa. Ambulan ɗin yana kan gado a tsakaninsu.

"Baba, buɗe ka riƙe min."

Yana iya cewa a bari sai an jima, ko ya ce takardun ofis ne kawai. Ya yaga bakin ambulan ɗin, ya ware takardun, ya ɗaga su daidai fuskar surukinsa. Shafi huɗu ne. Ƙadangare ya karanta na farko ya ce a juya. Ya karanta na biyu ya ce a juya. A na uku Mai Kwado yana kallon idanunsa suna sauka layi bayan layi, suka tsaya, suka koma sama suka sake saukowa. Takardar ta karkace a hannun Mai Kwado.

"Riƙe da kyau, Baba. Ba na gani."

Ya riƙe da hannu biyu. Ƙadangare ya karanta har ƙarshe, har sa hannun 'yan kwamiti. Mai Kwado ya ajiye takardun, ya nemi abin faɗa, duk kalmar da ta zo sai ya ji ta yi ƙanƙanta. Lokacin shan magani ya yi, sai jikinsa ya yi abin da ya saba. Ya ɓallo ƙwayoyin, ya zuba ruwa a kofi, ya matso da shi bakin mara lafiyar.

Ƙadangare ya dubi kofin. Ya kawar da fuskarsa wajen ƙofa ya kira matarsa, ba da ƙarfi ba. Keken ya tsaya. Ta shigo da tef ɗin awo a wuya da zare a leɓe.

"Karɓi kofin nan ki ba ni," ya ce. "Idan na sha ki zauna. Baba zai karanta miki wata takarda."

Ta karɓi kofin daga hannun mahaifinta, ta jawo kujera da ƙafa, tana tambayarsu ko labari mai daɗi ne.